Kada ka rushe kilas ɗinka, fara aunawa tukuna

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce manhajar ajiye sakamakon ɗalibai da kake rubutawa da Django (tsarin gina manhajar yanar gizo da harshen Python), don aikin kammala karatunka a Samaru, tana jan ƙafa, har kana tunanin watsar da tsarin kilas da objek (class da object, wato samfurin abu a cikin lambar manhaja da abubuwan da ake ƙerawa daga gare shi) gaba ɗaya. Don Allah kada ka yi haka.

A ayyukan da nake dubawa nan Zariya, na ɗalibai da na masu shaguna, da wuya ka samu yawan kilas ne ya jawo nauyin. Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, ka auna. Python na zuwa da cProfile a cikinta, mai auna lokacin da kowane sashe na manhaja ke ci, shi kuma Django Debug Toolbar zai nuna maka sau nawa shafi guda ya leƙa rumbun bayanai.

Nan ɗin na fi zargi, domin objek gwanin ɓoye aiki ne. Ka rubuta dalibi.aji.suna a cikin madauki (loop) mai bin ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, ido ya ga layi ɗaya tsaf, alhali kowane zagaye sai Django ya koma rumbu ya tambayo ajin. In ɗalibai 500 ne, tambaya 501 ke nan. Kamar ka aiki yaro kasuwar Sabon Gari ya sayo tumatir, ya dawo ka sake tura shi albasa, ya dawo ka ce saura attaruhu. Sa select_related inda ɗalibi ke da aji ɗaya, prefetch_related kuma inda yake da darussa da yawa, don Django ya kwaso bayanan tun farko maimakon komawa kowane zagaye. Lissafin jimilla da matsakaicin maki ma ka bar wa rumbu da aggregate. Kwamfuta mai RAM 4GB ba ta da wurin da za ka jibge mata dubban objek don kawai ka tara lamba.

Sai maganar gado. In model (kilas mai wakiltar tebur a rumbu) ya gaji wani model mai nasa tebur, Django zai riƙa haɗa teburan biyu duk sanda ka nemi bayani. In filaye kawai kake son su yi tarayya a kai, mai da uban abstract, wato marar tebur nasa. Ni dai gado in ya wuce hawa biyu, na fi son kilas ya riƙe wani kilas a cikinsa.

Neman lambar rajista kuma, yi amfani da dict ko set, masu zuwa kan abu kai tsaye, ba list ba, don list sai ta bi ɗaya bayan ɗaya. A rumbu ka sa wa filin lambar index, wato fihirisa mai saurin nema.

Kuma ka daina gwaji da ɗalibai goma. Zuba bayanan gwaji dubu biyar, ka buɗe Toolbar ɗin, ka turo mana adadin tambayoyin da shafin sakamako ya yi, mu duba tare.