Hukuncin Wanda Ya Harbe Mutum Ya Ce Kare Kansa Ya Yi

Tambaya: Allah gafarta Malam, ƙanena mai gadin wani sito ne a Sabon Gari. Cikin dare ya harbe wani mutum da bindigar toka, mutumin ya cika nan take. Ya ce da adda ya yo kansa. Babu wanda ya gani, amma waɗanda suka ɗauki gawar sun ce raunin a gadon baya yake. Gardama ta raba unguwa biyu. Me shari'a ta ce?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Kare kai halas ne, babu saɓani. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani ya tambayi Annabi (SAW) game da wanda ya zo ƙwatar dukiyarsa, ya ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi. Sai dai Shehu Halilu ya gindaya sharaɗi a Muhtasar, littafinsa na fiƙihun Malikiyya: a fara gargaɗi ga mai fahimta, kuma ba a nufin kisa sai an san ba zai tunkuɗu ba sai da shi.

To, ƙanenka ya amsa kisa da bakinsa. "Kare kaina na yi" kuwa da'awa ce, hujja kuma tana wuyan mai da'awa. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da aka tambayi Sayyidina Ali game da mutumin Sham da ya kashe wanda ya ce ya tarar da shi tare da matarsa, cewa ya yi in bai kawo shaidu huɗu ba, a miƙa shi ga dangin mamaci. Da baki kaɗai ya isa, kowane mai gaba sai ya jira dare.

Maganar baya ce ta fi tsaya mini a rai. A Suratu Yusuf, aya ta 26 da 27, inda riga ta yage aka duba aka gane wa ya bi wani. Wanda ya juya ya ranta a na kare ya daina zama ɗan farmaki. Harbinsa ramuwa ce. Amma kuma zancen masu ɗaukar gawa cikin ruɗani ba hujja ba ce yankakkiya, don mutum na iya murgaɗawa ana tsakiyar kokawa. Rahoton likita, inda aka tsinci addar, tazarar gawar da ƙofar sito, ko an ɓalle kwado, duk alƙali zai auna su. Shi ke da hukunci, ko kisasi, ko diyya, ko kuɓuta, ba majalisar ƙofar gida ba.

Ku kuma dangi, kada ku taɓa addar nan, kada ku shirya masa mai shaida. Shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai. Ku je ku yi wa mutanen nan ta'aziyya tun kafin sadakar bakwai.

Wallahu a'alamu.