Sola ko injin wuta don lasifikar coci?

Tambaya: Ni ne ma'ajin wata ƙaramar ikkilisiya a wajen Tibiri. Wuta na yawan ɗaukewa ana tsakiyar wa'azi. Mun tara baiko na musamman, dattawa kuma sun rabu biyu: wasu injin wuta, wasu sola. Wanne za mu saya?

Amsa: Salama gare ku, Baba ma'aji. Mu dai sola muke ba ku shawara. Injin yana da sauƙin saye, amma kowace Lahadi sai an zuba masa mai, ƙararsa kuma tana danne addu'a.

Kafin ku sauka kasuwar Maraɗi, ku zauna da biro. Ampili (na'urar ƙara ƙarfin sauti) da lasifika biyu da makirfo da fiyanon mawaƙa, mu ƙaddara suna cin wat 200. Sujada da gwajin waƙa awa 4, wat 200 sau awa 4 ya zama wat-awa 800. Batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, sai dai rabi kawai ake taɓawa a batirin dalma. In ana tatse shi ƙarƙaf, ba zai daɗe ba. Wato kuna da 1,200, ya isa. Farantin sola ɗaya mai wat 300 zai mayar da abin da aka ci a yini guda na rana.

Inda lissafi ke rushewa shi ne fanka. Ta sama guda tana cin wat 60 zuwa 75, biyar sun fi kayan sauti duka ci. In da fanka a shirinku, ku ninka batir da faranti tun yanzu.

Wajen inbata, mai juya wutar batir ta koma bolt 220, ku nemi wadda aka rubuta wa “pur sinus”. Mai arhar tana sa lasifika gurnani, tana kuma dumama ampili. Kada a haɗa faranti da batir kai tsaye ba regilata (mai daidaita cajin batir) a tsakani. Ku sa a ɗora batirin a sikeli a gabanku: na dalma mai amfiya 200 na gaske yana kai kilo 55 ko fiye. In ya yi sakayau, rubutun jikinsa ƙarya ne. Kuɗin nan har da na gwauraye a ciki, don haka ku karɓi rasit da garanti a rubuce.

Zafin Afrilu da Mayu yana cin batir, ku aje shi a inuwa mai iska. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar faranti da sassafe.

Tambaya: Innata ba ta karatu, tana son jin Littafi Mai Tsarki da Hausa. Sai na saya mata babbar waya?

Amsa: A'a, ƴar'uwa. Ƙaramar rediyo mai cin katin memori ta fi mata, maɓallanta manya ne, ba ruwanta da intanet. Kati mai giga 8 ya wadatar. Katunan jabu sun yi yawa, suna karɓar sauti sannan su ƙi buɗewa, saboda haka bayan an tura miki sautin Littafin a katin, ki kunna Farawa, Zabura da Ru'ya ta Yohanna ki ji da kunnenki kafin ki bar shagon.