Amsa: Ɗana ya ɗinka shadda ruwan hoda, wai kayan mata ne?

Hajiya, kin ce yaronki ɗan shekara 19 ya ɗinko shadda ruwan hoda, kawunnansa sun ce ya cire, kayan mata ne. Ni dai ban ga laifin yaron ba.

Launi kaɗai ba ya mayar da tufa ta mata. Dogaran sarki ja da kore suke sawa, wa ya taɓa yi musu gori? A wajen Buzaye kuwa maza ne ke rufe fuska da rawani, mata a buɗe. Samarin Fulanin Wodaabe a Nijar har kwalli da fenti suke rambaɗawa lokacin bikinsu na Gerewol.

Abin da addini ya hana namiji a fili shi ne alharini zalla da zinariya da kwaikwayon shigar mata. Saboda haka ɗinkin za ki duba. In kaftani ne da wando da hula, shike nan, namiji ya fito.

Amma kawunnan ba su rasa gaskiya gaba ɗaya ba: kada ya je da ita zaman makoki ko gaisuwar surukai. Bikin abokai da yawon Sallah kam, ki ƙyale shi ya sha kwalliyarsa.