Amsa ga Ɗana Kan Maganin Firgicin 'Yan Mazan Jiya

Ɗana, saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko al'adarmu za ta yarda da abin da ka ji ana gwadawa a Amurka, wato a ba 'yan mazan jiya ƙwaya mai juya hankali domin a raba su da firgicin da suka kwaso a fagen daga, irin wanda ke hana mutum barci, ya sa ƙarar rufe ƙofa ta razana shi.

Tun muna yara, wanda ya sha zaƙami yana tangaɗi a kasuwa ɗan maye ne, amma ba a taɓa kiran mai magani da wannan suna ba don ya ajiye ganyen a burgamensa, domin abin da iyayenmu ke dubawa shi ne hannun da ya bayar, da awo, da lalurar da ta kawo shi. Hukuncin addini kuwa na malamai ne, su za ka tuntuɓa.

Ƙwayar da aka fi bincike a kanta ita ce MDMA, kuma ba gida ake sallamar mutum da ita ba. Sau uku ake ba shi, kowane zama kimanin awa 8, masu kula biyu na gefensa yana amayar da abin da ya gani. A gwajin da aka wallafa a 2021 kan mutum 90, kashi 67 cikin ɗari na waɗanda suka sha sun fita daga sahun masu ciwon, alhali waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta kashi 32 ne. Ostareliya ta ba wasu likitocin ƙwaƙwalwa izinin rubuta ta tun Yulin 2023.

Sai dai a Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ƙi amincewa, ta nemi a sake gwaji, kuma ni ban ga laifinta ba, tunda a gwajin kusan duk wanda ya sha ta gaskiyar ya gane ita aka ba shi, wanda kuwa ya sa rai da waraka bakinsa kan riga jikinsa shaida. Ita ma saiwar iboga, wadda mutanen Gabon ke sha a ibadarsu ta Bwiti ƙarƙashin idon dattawa, wasu tsofaffin sojojin Amurka na zuwa Meziko neman sinadarinta, ga shi kuwa yana iya rikita bugun zuciya har ya kai ga ajali.

Ka gaishe mini da mahaifiyarka.