Amsa: Shin atisaye da mutum-mutumi yana amfanar ɗalibin aikin jinya?

'Yar'uwa, kin tambaya ko atisayen da ake yi da mutum-mutumi a ɗakin gwaji yana amfanar ɗaliba kafin ta shiga ɗakin majinyata, ganin cewa roba ba ta jin zafi. Yana amfanarwa ƙwarai, musamman wajen farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, inda ake buƙatar danna ƙirjin babban mutum sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, a zurfin santimita 5 zuwa 6, abin da ba zai yiwu a koya a jikin mai rai ba. A can ɗaliba za ta yi kuskure wajen saka robar fitsari ko lissafin magani, ta maimaita har hannunta ya faɗa, ba tare da ta cutar da kowa ba.

A ganina, tattaunawar da ake yi bayan atisaye ta fi atisayen kansa muhimmanci, domin a nan ne malami ke tambayar dalilin kowane mataki, kuma idan ya mayar da ita dandalin kunyatarwa, ɗalibai sukan koyi ɓoye kuskure, wanda haɗari ne babba a wannan aiki. Lallashin majinyaci mai fargaba da yi wa danginsa bayani kuwa, sai kin tsaya gaban mutum na gaske za ki ƙware a kansu.