Tambaya da Amsa: Wane bokiti ya dace da ƙaramar tarakta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ƙaramar tarakta Kubota mai ƙarfin doki 35, ta hannu na saye ta bara, da hannun haƙa a bayanta. Bokitin da ta zo da shi mai inci 12 ne, ya tsage wuri biyu, har mai walda ya ce ya gaji da shi. Aikina haƙa ramin bututun ban-ruwa a garkar albasata da ke fadamar Kwalkwalawa, kuma ina son in riƙa karɓar aikin fandisho cikin gari. Wani dillali ya nuna mini mai inci 24, ya ce aikin yini biyu zai koma yini guda. Ƙanena kuwa ya ce mai inci 9 ya isa bututu. Kuɗin guda ɗaya gare ni. Wanne zan ɗauka?
Mai karatu daga Wamakko

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Sayi mai inci 16. In ka neme shi ka rasa, ɗauki mai 18, kada ka haura nan.

Dillali bai yi maka ƙarya ba, ya dai faɗi rabin magana. A cikin yashi mai laushi babban bokiti yana sauri. Amma ƙarfin da hannun haƙa ke danna ƙasa da shi ba ya ƙaruwa don an sauya bokiti; famfon man haidirolik ɗin nan ne, silindar nan ce. Mai inci 12 yawanci haƙora uku gare shi, mai 24 kuwa huɗu ko biyar, sai ƙarfin ya rarrabu a kansu. Ka tuna diga da shebur: mutum ɗaya ne ke riƙe da su, amma a kan fako diga ke shiga, shebur sai ya yi ta zamewa. Filayen da ake gini yanzu a bayan gari, wasu yashi ne a sama, ka nutsa kamu ɗaya ka tarar da marmara. Cikin watan Afrilu, ƙasa ta gasu, mai inci 24 karce zai yi ta yi, taraktar ce za ta riƙa ɗagawa tana jawo kanta zuwa bakin rami.

Ga kuma nauyi. Jiƙaƙƙiyar laka mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi tana kusan tan biyu. Cikin bokiti mai inci 24 zai kai nauyin buhun siminti uku, ban da ƙarfen kansa, kuma yana can ƙarshen hannun da ya miƙe fiye da mita biyu. Tarakta irin taka ba ta wuce tan ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Ka juya wannan kaya gefe a fadama, inda ƙafafun ƙarfen da ake saukewa su tallabe taraktar ke lumewa cikin taɓo, za ka ji ta tana neman kwanciya da kai.

Ƙanenka kuwa ka gaishe shi, ka ce masa lissafinsa daidai ne a takarda. Bututu mai inci uku ko huɗu ba ya bukatar faffaɗan rami. Sai dai lakar fadama ba ta san takarda ba. Na taɓa yin wani aiki wajen Goronyo da siririn bokiti irin wannan, mai aikin ne ya nace, wai kada a ɓata masa fili. Kowace ɗiba sai lakar ta manne kamar tuwon da ya kwana a tukunya. In kaɗa hannu, in buga, ta ƙi faɗuwa. Ƙarshe yaro muka ajiye da guntun rodi yana ƙwaƙule ta, muka yi yini uku kan abin da bai kai aikin yini ɗaya ba, kuma bugun da na riƙa yi ya cinye mini bushin, wato zoben ƙarfen da ke mahaɗar bokiti da hannun haƙa. Ko naka mai 12 na tabbata yana yi maka haka bayan an yi ban-ruwa, wataƙila ma bugun ne ya tsaga shi. Daga inci 16 laka ta fara samun wurin zamewa. In kana zaɓe, duba wanda bakinsa ya ɗan fi gindinsa faɗi, in da 'yan huji a ƙasa ya fi, don iska ta shiga ta saki lakar.

Akwai wani abu da ba a tunawa sai an zo haɗa bututu: dole mutum ya sauka ya shafa gam. Ramin inci 9 mutum ba zai sami wurin tsayawa ya yi aiki ba. Na 16 yaro zai tsaya ciki ya sunkuya. Amma in zurfi ya kai ƙirji a ƙasa mai yashi, kada kowa ya shiga sai an kwantar da gefen ramin, yashi ba ya sallama kafin ya rufto.

Batun fandisho, magina kan nemi faɗi ninki uku na bulo: bulo mai inci 6 ramin inci 18, mai inci 9 ramin inci 27. Ka ga ko mai 24 ɗin bai cika na biyun ba, a na farkon kuma ya wuce, mai gida zai zuba kankare fiye da lissafinsa, kai zai zarga. Da mai 16 za ka ja layi ɗaya lebura ya gyara gefe, ko ka ja biyu ka sami 27. Ƙaramin bokiti yana haƙa babban rami in an yi haƙuri; babba ba shi da yadda zai haƙa ƙarami. Inda mai 24 ke cin kasuwa shi ne yashe lambatu, sokawe da tafkin kifi. Ranar da irin wannan aiki ya yawaita gare ka, shi zai saya maka bokitinsa.

In za ka kasuwa, ko nan Sakkwato ko Kano, ɗora tsohon bokitin a mota ka tafi da shi. Faɗi ba shi kaɗai ake aunawa ba. Kaurin fil (sandar ƙarfen da ke riƙe bokiti a jikin hannun haƙa), ratar da ke tsakanin kunnuwan bokitin biyu, da nisan ramin fil ɗaya zuwa ɗaya, duk sai sun yi daidai. Za a ce maka mai walda zai gyara. Zai gyara ɗin, amma in ramukan suka goce ko da kaɗan, bokitin ba zai naɗe sosai ba, ƙasa ta riƙa zubewa a hanya. Ka tabbatar haƙoransa na kwancewa ne, don marmara cin su take yi.

Ba ka faɗa mini yadda aka ɗaura hannun ba. Leƙa ƙarƙashin taraktar. In akwai firam na ƙarfe da ya bi cikinta har gaba, madalla. In kuwa a kan hannayen nan uku da ake ɗaura garma kawai yake rataye, to ko mai 18 kada ka sa, domin jijjigar haƙa tana iya fasa kaskon giya, gyaransa kuwa ya ninka kuɗin bokiti sau da yawa.

Tsohon mai inci 12 kada ka ba 'yan gwangwan. A liƙa masa faranti ta waje, a ajiye shi don bututu in ƙasa ta bushe. A sa wa fil giris kullum da safe, kuma a zafin bazara ka fara bayan sallar asuba, ka kashe inji kafin azahar man ya huce.