Tambaya da Amsa: Me ake gani a bakin tekun da babu komai sai tsakuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Landan, kuma abokan karatuna sun ce mu je gandun adana halittu na Rye Harbour da ke kudancin Ingila. Hotunan da na gani tsakuwa ce zalla da ƴan kududdufai. Shin akwai abin da ya kai mutum ya kashe kuɗin jirgi dominsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma wannan tsakuwar da ka raina ita ce dalilin kafa gandun a shekarar 1970 a yankin East Sussex, inda kogin Rother ke shiga teku. Ƙungiyar Sussex Wildlife Trust ce ke kula da shi, shiga kyauta ne, kuma an ƙirga nau'in tsirrai da dabbobi sama da 4,000 a cikinsa.

Igiyar ruwa ce ke turo tsakuwar daga yamma zuwa gabas tana jibge ta layi-layi shekaru aru-aru, har ƙasa ta ci teku. Shaidar hakan ita ce ganuwar Camber, wadda Sarki Henry na 8 ya gina a bakin ruwa domin tsaron gaɓa, amma yau tana tsaye a tsakiyar makiyayar tumaki, teku ya yi mata nisa. Tsakuwa ba ta riƙe ruwa, ga iska mai gishiri, don haka tsiron da ya rayu a nan ya yi jarumta. Akwai kabejin teku mai kaurin ganye da doguwar saiwa, wanda farin furensa ke ƙamshin zuma a watannin Mayu da Yuni.

Abin da ya fi burge ni, kuma ya fi ba ni tsoro, shi ne ƙwan tsuntsaye. Da yawa daga cikin tsuntsayen gaɓa ba sa yin sheƙa a kan itace. Uwar takan ɗan goge wuri da ƙirjinta a cikin tsakuwa, ta zuba ƙwai biyu zuwa huɗu masu ɗigo-ɗigo, launinsu sak da na duwatsun da ke kewaye da su, ta yadda mutum zai iya tsayawa taku ɗaya daga gare su bai gan su ba. Wannan ɓoyon ne kariyarsu daga hankaka, kuma shi ne ke jawo musu halaka a ƙarƙashin takalmin baƙo. Shi ya sa aka kewaye wuraren ƙyanƙyasa da waya mai lantarki domin hana yanyawa shiga, kuma shi ya sa nake roƙonka kada ka sauka daga hanyar da aka shata, ko da hoto ne ya ja ka.

A bayan tudun tsakuwar akwai fadamar ruwan gishiri da tafkuna masu dogayen ciyayi, wasunsu tsoffin ramukan haƙar tsakuwa ne da ruwa ya cika. An gina ɗakunan katako masu siraran tagogi a bakinsu, inda za ka zauna shiru ka kalli tsuntsaye ba tare da ka firgita su ba. A nan ne ɗan Arewa zai iya cin karo da baƙin da ya sani, domin ƙaramar agwagwar nan mai farin layi a saman ido, wadda Turawa ke kira gargani, takan bayyana a watan Maris zuwa Afrilu, kuma irinta ce ke cika dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi a lokacin hunturu. Fararen tsuntsayen tekun da ke faɗawa ruwa su cafko kifi su ma a gaɓar Afirka ta Yamma suke yin hunturu.

Idan ƙyanƙyasa da furanni kake son gani, ka je tsakanin Mayu da Yuli. Daga tashar St Pancras za ka hau jirgin ƙasa zuwa Ashford, ka sauya zuwa garin Rye, sannan ka shiga bas zuwa bakin gandun. Ka riƙi madubin hangen nesa da rigar sanyi ko da rana ta fito, saboda wurin fili ne fetal, babu abin da ke tare iskar teku.